Kifin Da Yaya Take Gaisarwa

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, wanda duk layin masu gyaran kwamfuta suka sani da Mai Kifi. A asibiti ya cika, bayan ciwon hanta ya ɗauki watanni yana cin sa a tsaye kafin ya kwantar da shi. Ina bakin taga ina amsa waya, 'yarsa ta kira ni da wata irin murya da ban san ta da ita ba, ta ce, "Kawu, zo." Kafin in ƙarasa bakin gadon rai ya yi halinsa. Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu koma, shi dai ya riga mu ne.

Mai Kifi, da kai zan yi magana a wannan rubutu, don ba zan iya ba da labarinka kamar na baƙo ba. Tun ranar da ka auri Yaya ban taɓa gaishe ka ban haɗa da tsokana ba, kai ma ba ka taɓa barin ta ta kwana ba. Kana ce min Gaggawa, ina ce maka ɓarawon yayata. Yau na zauna zan rubuta maka magana babu wasa a ciki, sai na ga ashe ban saba ba. Ka yi haƙuri in ta kuɓuce min nan da can.

Ga wanda bai san ka ba, ba ka taɓa sayar da kifi ba, ko iyo ma ba ka iya ba. Shagonka ɗan tsukuku ne: benci guda, kujerar da sai an tokare ta da bango, ƙarfen narka dalma kullum a jone, da kwalabe cike da ƙananan sukurori a jere bisa kanta. Matattun kwamfutoci sun kusa kai rufi, kowace ka ce akwai ranarta. Gilashin idonka ya karye a hannu ɗaya ka ɗaure shi da jar waya. Yaya ta sayo maka sabo, ka jefa shi a aljihun tebur ka ce sai na yanzu ya gama wa'adinsa. A wannan shago ne, tsakanin gyara da gyara, ka koya wa kanka rubuta manhaja daga tsofaffin littattafan da wasu suka zubar.

A wancan zamani, idan aka bar kwamfuta a kunne da hoto ɗaya, hoton yakan bar tabo a fuskarta. Shi ya sa ake sa mata wani abu mai motsi, wanda zai fito da kansa da zarar mai ita ya tashi ya bar ta. Wasu taurari suke sawa, wasu rubutu mai yawo. Kai sai ka zana tankin ruwa, da yashi da duwatsu da ciyawa, da kifaye 'yan kaɗan, kumfa na tasowa daga ƙasa, sautin ɓul-ɓul na fita a lasifika. Ka sa shi a kwamfutar shago tana fuskantar titi, masu wucewa suka fara tsayawa, daga nan suna ya bi ka. Ba zan manta da baiwar Allahn da ta zo da kwano a hannu ba, ta ce an kwatanta mata nan ne wurin mai kifi. Ka nuna mata fuskar kwamfutar ka ce, "Ga su nan, Hajiya, sai dai ba sa soyuwa." Ta yi tsaki, ta juya za ta tafi, sai kuma ta zauna a bencin tana kallo har ta manta da cefane.

Alherinka a layin nan ba sai na tsaya ƙirga shi ba, waɗanda suka cika ƙofar gidanka ranar jana'iza sun ƙirga. Ɗalibai nawa suka shigo shagonka suna kuka, aikin kammala karatunsu ya maƙale a na'urar da ta ƙi tashi, suka fita suna dariya. Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da duk hotunan marigayiya matarsa suke cikin kwamfutar da ruwan sama ya shiga. Kowa ya ce masa ya haƙura. Kai ka ture sauran ayyuka gefe ka duƙufa, har ka fito masa da abin da ya fitu. Da za ka nuna masa, ka kunna hoton farko, ka ce za ka je sayen shayi, ka ja masa ƙofar shagon. Na same ka tsaye a rana a waje, babu kofi a hannunka, ka ce in bar mutum ya gana da iyalinsa. Mai shagon da ke kallon naka, wanda ya zo ya raba maka kwastomomi, kai ka koya masa gyaran abin da ya gagare shi. Da na yi maka faɗa ka ce kowa da rabonsa, kuma kwamfutocin garin nan ba za su daina lalacewa don a ƙuntata maka ba.

Da ka ɗora tankin a intanet kyauta, abin ya wuce layinku. Mutanen da ba ka san ƙasarsu ba suka sauke shi, aka buɗe masa zaure inda masu amfani da shi suke rubuta ra'ayinsu. Nan ne na shigo labarin. Sana'ata haɗa bidiyo, don haka kwamfutata tana da katin hoto mai ƙarfi, wato wannan ɗan allo da ake cusawa a cikinta, wanda shi ke zana duk abin da ido yake gani a fuskarta. Kai ba ka da irinsa. Ranar da ka fara gwada tankin a tawa, kifayen suka riƙa wucewa fuu, kamar an koro su daga gidan wani. Ashe ka ɗaure saurinsu da ƙoƙarin na'ura ne, mai rauni ta tafi da su a hankali, mai ƙarfi ta ɗebe su a guje. Na yi dariya har da riƙe ciki. Kai kuwa ka gyara zaman gilashi ka ce, "Kifayen gidanka ma halinka suka ɗauko, Gaggawa."

Daga ranar ka mai da ɗakin aikina wurin gwajinka. Kullum da yamma in ka rufe shago sai ka biyo, ka ture min kofuna, ka zauna a kujerata ba tare da neman izini ba, ni kuma in karanta maka shawarwarin da suka taru a zaure. Masu manyan katuna su ne suka fi baki. Sun kashe abin da suka kashe, suna so su ga ƙarfin kayansu. Wannan ya ce inuwar kifi ta riƙa faɗawa kan yashi. Wancan ya ce hasken da ke sauka daga sama ya riƙa rawa yadda yake yi a ruwan gaske. Wani yana son ciyawa ta kauce in kifi ya ratsa ta, wani yana son kaguwa a ƙarƙashin dutse, wani kuma allon kallo uku gare shi a jere, yana so kifi ya fita daga na farko ya shiga na biyu ba tare da ya yanke ba. Akwai wanda ya roƙi a sa babban kifi mai cinye ƙanana don abin ya yi armashi. Shi kaɗai ka hana kai tsaye, ka ce mutane sun gaji da aiki sun ɗaga kai su huta, ba za ka kai musu faɗa ba.

A cikinsu akwai wanda na sa wa suna Sarkin Ƙorafi. Ba mu san fuskarsa ba, ba mu san garinsa ba, amma mun san irin katin hotonsa, don ba ya fara rubutu sai ya ambace shi kamar mai fara wasiƙa da gaisuwa. Mutumin nan idan ka ba shi ƙwai sai ya nemo masa gashi. Kumfa ta yi girma, jelar shuɗin kifi ba ta lanƙwasa daidai, yashi ya cika fari. Ni in na ga sunansa raina ke ɓaci, nakan ce, abu kyauta ma sai an yi masa ciniki? Kai kuwa nasa kake cewa in fara karantawa. Ka ce wanda ya ce maka aiki ya yi kyau wataƙila wucewa kawai ya yi, amma mai ƙorafi ya zauna ya kalla. Kowane ɗaya sai ka amsa masa da godiya, abin da za ka iya ka yi, wanda ba za ka iya ba ka faɗa masa gaskiya. Da haka tankin ya yi ta sabuntawa shekara bayan shekara, har ya zama in aka kunna shi a na'ura mai ƙarfi mutum kan miƙa hannu ya taɓa allon.

Ana cikin haka Allah Ya jarrabi gidanku. Yaya ta faɗi a tsakar ɗaki wata safiya tana shirin tafiya makarantar da take koyarwa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Matar da ta yi shekaru tana koya wa yara haɗa baƙi ta koma sai ido. Tana gane mu, tana jin abin da muke faɗa, amma in ta buɗe baki babu abin da ke fita, sai ta rufe ta kau da kai. Na ga yadda ka koyi ɗaga ta daga gado zuwa kujera, da ba ta abinci a cokali, da yanke mata farce. Ban taɓa jin ka ce ka gaji ba, ni kuwa da nake ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya, akwai ranakun da nakan tsaya a ƙofa in kasa shiga.

Don kada kaɗaici ya yi mata yawa in kana shago, ka ajiye mata tsohuwar kwamfutar gida a kan tebur kusa da kujerarta. Tankin farko ne a ciki, wanda babu inuwa, babu rawar haske, don ba ka taɓa sabunta shi ba. A wannan tsohon tanki akwai wani ɗan kifi rawaya mai baƙin zane a gadon baya. In ya isa kusurwar hagu ta ƙasa, inda ciyawa ta yi yawa, lissafin juyawarsa yakan yi wa na'urar nauyi, sai ya tsaya cak yana kallon mai kallonsa, sannan ya kaɗa jela ya wuce. Kuskure ne, kai ma ka san kuskure ne, ka daɗe da gyara shi a sababbin fitowa. Wata rana da la'asar 'yarku tana ninke kaya a bayan kujerar, kifin ya zo ya tsaya, sai ta ji muryar uwarta ta ce, "Sannu."

Yarinyar nan da gudu ta zo shago ko takalmi babu. Muka taru a ɗakin muka yi tsit muna jira, kifin ya zagayo ya tsaya, Yaya ta sake faɗa. Likitar da ke koya mata magana ta ce mu riƙe wannan kalma hannu biyu, kada a bari ta suɓuce, don irin wannan ce ƙofar da sauran suke biyowa in Allah Ya so. Sauran ba su biyo ba. Kalmar ɗaya ce, kuma kifin kaɗai take gaya wa. Kakan ce, "Shekara da shekaru ina wahala a gidan nan, kifin ƙarya ya zo ya kwashe min gaisuwa." Amma na sha shigowa in tarar ka jawo kujera ka zauna dab da allon, kanka kusa da kusurwar hagu. Da na tambaye ka me kake yi a nan, ka ce kana tsintar abin da ya zubo.

Tsohuwar kwamfutar ta mutu a watan da likita ya gaya maka abin da ke cikinka. Wari kawai aka ji, allon ya yi baƙi. Ka buɗe ta a bencinka ka duba, kai da ba ka taɓa yanke wa na'ura ƙauna ba ka mayar da murfin ka ture ta gefe. Muka haɗa wa Yaya sabuwa, na sa mata katin hoto mai kyau, ka kunna sabon tankin da duk ƙawarsa. Ta kalla. Kifin rawaya ya zo kusurwa ya juya sumul ya wuce, bai tsaya ba, ita ma ba ta ce komai ba. Muka sa tsohon tankin a sabuwar na'ura, kifayen suka hau gudun nan nasu, ta runtse ido hawaye ya gangaro, muka yi maza muka kashe. Na zaga wurin masu tsofaffin kaya na kwaso irin tata guda-guda, wata ta tashi ta mutu a ranar, wata kifin ya ƙi tsayawa a cikinta. Na ce mu ci gaba da nema. Ka dube ni da idanun da suka fara yin rawaya ka ce, "Gaggawa, ko mun samu, wa zai riƙa lallaɓa mata ita in ba na nan? Sabuwar za mu koya wa."

Ranar na san ka san abin da muke ɓoye wa juna. Daga nan duk ƙarfin da ya rage maka wuri ɗaya ka zuba shi, wato dawo wa Yaya da kalmarta kafin ka tafi. Ka rubuta wa kifin umarnin ya tsaya a kusurwa ya dubi waje. Ya tsaya, ya duba, Yaya ta kalle shi ba ta ce uffan ba. Ka tsawaita tsayuwar, ka gajarta ta, ka sa masa 'yar karkarwa irin ta da, ka rage hasken, ka cire inuwar da ka sha wahalar yi. Kowane gwaji sai ka ɗauko shi daga ɗakina ka kai gida, mu zauna muna jira, kowane kuma shiru. Kana ramewa, cikinka na tasowa, hawan matakalar gidana ya koma sai ka huta a tsakiya. Ita kuma ta fara daina kallon allon ma, ta koma kallon bango.

Su kuwa mutanen zaure ba su san abin da ake ciki ba. Ka yi musu alkawarin babbar fitowa, ga shi an daɗe ba su ji ɗuriyarka ba. Ƙorafi ya yi yawa, wasu har da baƙar magana, wai ka samu suna ka yi watsi da su. Na ce ka bar ni da su in wanke su tas. Ka karɓe allon rubutun daga hannuna ka rubuta da kanka, gajere, babu neman tausayi. Ka ce matarka ba ta da lafiya, kalma ɗaya ta rage mata, kuma wani tsohon kuskure a fitowar farko ne yake fito da ita. Ka ce ka yi ƙoƙarin dawo da kuskuren ya ƙi dawowa daidai, kai ma ba ka da isasshen lokaci, duk wanda ya tuna wani abu game da tsayuwar kifin rawaya ya taimaka.

Ban taɓa ganin abu irin wanda ya biyo baya ba. Mutanen da suka yi shekaru suna alfahari da ƙarfin na'urorinsu suka shiga ɗakunan ajiya suna kakkaɓe tsofaffin kwamfutoci. Wanda tasa ta tashi ya sa tankin farko ya ɗauka da waya ya turo. Shawarwari suka dawo suna zuba kamar da, sai dai wannan karon kowa yana koya maka yadda za a rage wa aikin kyau. Wannan ya ce launin tsohon tankin ya fi dusashewa, wancan ya ce idon kifin ya fi girma, wani ya ce sauran kifayen ma sukan ɗan yi tsalle in ya tsaya. Ka gwada duk wanda ya gwadu. Kana tsakiyar haka jiki ya ƙi, aka kwantar da kai.

A gefen gadon asibiti na ci gaba da karanta maka, kana kwance ido rufe, robar ƙarin ruwa a hannu. Ranar Litinin saƙon Sarkin Ƙorafi ya shigo, kuma a karon farko bai ambaci katinsa ba. Ya ce duk muna ta duban hoton, babu mai saurare. A fitowar farko, in kifin ya tsaya, na'urar takan shagala da lissafi har sautin kumfa ya yanke, ruwan ya yi tsit, sai ya wuce sannan ɓul-ɓul ɗin ya dawo. Ya ce ya tabbata, domin shi ne ya dame ka da ƙorafi a kan yankewar sautin shekarun baya, har ka gyara, ka kuma gode masa. Waɗanda suka turo bidiyo yawanci babu lasifika a tsofaffin na'urorinsu, shi ya sa babu wanda ya lura.

Ka buɗe ido ka ce in sake karantawa. Na sake. Sai ka fara dariya, dariyar na ja maka ciwo kana riƙe gefen ciki, ka ce, "Yayarka ce fa. Yaushe ka taɓa ganin ta katse wani?" Nan take na tuna. Tun muna yara, in ana magana a gida, Yaya takan jira sai kowa ya kai aya kafin ta sa baki, har mahaifiyarmu takan ce mata in ta biye wa wannan jira za ta kwana da maganarta a ciki. A aji ma ba ta ɗaga murya, tsayawa take yi sai yara sun yi shiru don kansu. Ashe duk watannin nan jira take ruwan ya gama magana, shi kuwa sabon tanki ba ya numfasawa.

Ka sa aka kawo maka ƙaramar kwamfuta. 'Yarku ta riƙe maka ita bisa filo, kana buga harafi kana hutawa. Aikin da a da za ka gama kafin shayi ya huce ya ci maka yini biyu. Ranar Talata da yamma ka ce ya kammala, ka kunna mana a nan ɗakin. Kifin ya tsaya, ruwan ya yi tsit, har na ji ƙarar takalmin wata nas a baranda. Na miƙe na ce bari in kai mata yanzu. Ka riƙe min hannun riga ka ce, "Zauna, Gaggawa. Likita ya ce gobe zai bar ni in je gida in kwana biyu. Ina so a yi a gabana." Na zauna. Washegari da hantsi aka kai ka gida, amma ba yadda likita ya nufa ba.

Ni na durƙusa a gaban Yaya na gaya mata. Ta daɗe tana kallona, hawaye na sauka, hannunta mai lafiya ya damƙe hannun kujera. Kwanakin da suka biyo gida ya cika, mata na shiga suna fita, kowace ta yi mata sannu, ta yi mata ya haƙuri, ita dai sai ido. Na rubuta wa mutanen zaure labarin rasuwarka. Addu'o'i da ta'aziyya suka yi ta shigowa cikin harsunan da wasunsu ban iya karantawa ba. Sarkin Ƙorafi layi ɗaya ya rubuta, tambaya ce: "An gwada?" Ban amsa masa ba a lokacin, don gaskiya tsoro nake ji. In aka kunna ta yi shiru, shi ke nan babu mai sake gyarawa.

Sai da baƙi suka ragu, gida ya koma na masu shi, 'yarku ta ce, "Kawu, mu sa mata. Baba bai yi don a ajiye ba." Da la'asar ne. Na sa abin da ka bari a kwamfutar, na juya allon ya fuskanci kujerarta, muka koma bayanta muka tsaya. Da farko bango take kallo. Sautin kumfa ya cika ɗakin, a hankali ta juyo da kai. Kifin rawaya ya bi ta saman duwatsu, ya sauko, ya ratsa ciyawa, ya isa kusurwar hagu ya tsaya yana kallonta. Ruwan ya yi tsit.

Yaya ta ce, "Sannu."

'Yarku ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa jira nake sautin ya dawo, sai bai dawo ba, kifin ma bai motsa ba. Ashe ka tsawaita shirun fiye da na da, ba ka gaya wa kowa ba, ka bar mata fili ko da akwai saura. Na ga leɓenta na motsi, tana kokawa da wani abu, wuyanta ya ɗaga. Sannan a hankali, harafi na jan harafi, ta ce, "Da aiki."

Mai Kifi, ban sani ba ko da kifin take ko da kai take. Ni dai na ji da kunnena, ga shi na isar maka.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka, Ka fi mu sanin sa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yi masa rahama, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi ikon amsa tambaya. Yadda ya tausaya wa mai rauni a gidansa bai gajiya ba, Ka tausaya masa ranar da babu mai ƙarfi sai Kai, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarsa, wadda ta riƙe uba da uwa a lokaci guda ba ta yi ƙorafi ba, Allah Ya yi miki albarka Ya ba ki masu yi miki. Ina yi wa 'yan'uwansa da abokan sana'arsa na layi, da mutanen zaure na kusa da na nesa, waɗanda suka yi rashin mutumin da ba su taɓa gani ba. Yaya, ke kuma ban san da bakin da zan yi miki ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya ba ki lafiya, Ya buɗe miki sauran maganarki, Ya haɗa ku a inda babu ciwo. Mu da muka saura, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.